Masu cewa SSD ba ya ƙarko, ina lissafinku?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu sayar da kwamfuta da masu gyaranta, daga titin Beirut zuwa France Road har cikin kasuwar Sabon Gari a nan Kano, kuma ta fara isata. Wai SSD, ma'adanar kwamfuta marar faifai, ba ya ƙarko. Wai an ƙidaya masa yawan rubutun da zai yi, da zarar ya cika sai ya mutu da kayanka a ciki, don haka gara mutum ya riƙe tsohon HDD mai faifai wanda aka saba da shi. Mutum zai shigo da kwamfutar da sai ta ci minti uku kafin ta gama tashi, ka nuna masa magani, ya ce: "A'a Injiniya, an ce min wannan abin ba ya shekara biyu. Sa min mai tera ɗaya kawai." Wa ya faɗa maka? Wani yaro a shagon gaba. Shi kuma a ina ya ji? Shiru.

To bari mu yi lissafin da masu maganar suka ƙi yi. Gaskiya ne ƙwayoyin ajiya da ke cikin SSD suna gajiya da yawan rubutu da gogewa, kuma kamfanoni ba su ɓoye wannan ba. Suna rubuta adadin a takardar garanti da sunan TBW, wato yawan terabayit ɗin da suka yi alkawarin zai ɗauka. Samsung 870 EVO mai giga 500 an ba shi TBW 300 da garantin shekara biyar. Crucial MX500 mai giga 500 yana da TBW 180. Ɗauki na farkon. A ce kana rubuta masa giga 20 kullum, ba Juma'a ba Lahadi, abin da mai shagon buga takardu a Fagge ko akawun ɗan kasuwa a Kantin Kwari ba ya kaiwa ko kusa. Kwana 15,000 ke nan, sama da shekara 40. Ƙara shi zuwa giga 50 a rana, ka samu shekara 16. Kwamfutar da za ka sa masa a ciki, wadda dama tokumbo ce da ta yi shekara takwas kafin ta iso Kano, za ta riga shi tafiya.

Ba kuma alkawarin kamfani kaɗai ba ne. Tsakanin 2013 da 2015 wani shafin nazarin kayan kwamfuta mai suna The Tech Report ya ɗauki SSD guda shida ya yi ta rubutu a kansu dare da rana don ya ga ranar da za su mutu. Babu wanda ya faɗi kafin ya haura terabayit 700. Na ƙarshensu, Samsung 840 Pro, sai da ya wuce terabayit 2,400. Kayan sama da shekara goma da suka wuce ke nan. Amma har yau ana tsaye a bakin shago ana tsorata mutane da "iyakar rubutu", alhali wayar da ke aljihun mai maganar irin wannan ma'adanar ce a cikinta, kuma bai taɓa cewa a sa masa faifai a waya ba.

Na san dalilin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa. Wani ɓangare jahilci ne, wani ɓangare kasuwa ce. Duk kwamfutar da aka cire wa HDD aka sa mata SSD, tsohon yana komawa cikin durowar shago, kuma sai an samo wanda za a sayar wa. "Tera ɗaya" ta fi daɗin faɗa a kan "giga 256", mai saye kuma yana son babbar lamba. Haka za ka ga ɗalibi daga Jami'ar Bayero ya biya kuɗi ya ɗauki tera ɗaya, ka buɗe bayan shekara ka tarar takardun karatunsa duka ba su kai giga 15 ba, sauran kuwa finafinai ne da ya riga ya kalla. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dalilin nauyin kwamfuta ba wani dogon abu ba ne. HDD faifai ne da ke juyawa, sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka, sau 7,200 a na tebur, ga wani ɗan hannu da ke kai-komo a kansa kamar allurar garmaho. Tsarin IBM ne tun 1956, an dai ƙanƙanta shi an inganta. Duk lokacin da Windows ta nemi wani ɗan fayil, sai hannun ya tafi wurin, ya jira faifai ya juyo, abin da ke cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Kaɗan ne a ido, amma Windows 10 da 11 dubban ƙananan fayiloli suke nema a lokaci guda. SSD ba shi da abin da ke motsi, don haka wannan jiran ya ragu kusan ninki ɗari. Shi ya sa idan ka buɗe Task Manager a irin waɗannan kwamfutoci za ka ga layin ma'adana ya tsaya cak a kashi 100, injin sarrafawa kuwa yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Sai a ce wa mutum ƙwayar cuta ce, a yi masa fomatin, a karɓi kuɗi, bayan sati biyu ya dawo. Fomatin ba ya ƙara wa faifai gudun juyawa.

In ma maganar mutuwa ake yi, a garin nan HDD ne ya fi shan wuya. Tazarar da ke tsakanin hannun nan da faifai ba ta kai ko kusa da kaurin gashi ba. Mutum zai rufe murfin kwamfuta ba tare da ya kashe ta ba, ya cusa a jaka tun faifan bai gama tsayawa ba, ya faɗa adaidaita sahu, a yi ta cin ramuka da shi har Bata. Wani a kan cinya yake aiki, ya ɗaga, ya dire, ya miƙa wa abokinsa tana kunne. Sai wata rana a ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki. Yawancin matattun ma'adanan da ake kawowa shagunan gyara masu faifai ne, kuma girgiza da faɗuwa na cikin abubuwan da ke kashe su.

Yanzu ga abin da ya kamata a ji tsoro, wanda masu jita-jita ba sa faɗa saboda wasunsu a ciki suke cin abinci: jabu da gwanjon da aka yi wa wanka. Wannan shi ne ainihin abin da ya ɓata wa SSD suna. Akwai wanda za ka ga an rubuta tera biyu a jiki, farashinsa bai kai na giga 256 na gaske ba. Buɗe kwalin robar, ka tarar da ɗan katin memori ko ƙaramin filash an manna da gam, an yi masa dabara yana gaya wa kwamfuta ƙarya game da girmansa. Zai karɓi duk abin da ka zuba masa ba musu, amma da ya cika ainihin cikinsa sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho. Ba za ka sani ba sai ranar da ka je buɗe hotunan bikin da aka biya ka ka ɗauka, ka tarar da sunayen fayil, babu komai a cikinsu. Akwai kuma mai sunan babban kamfani a kwali, cikinsa kuwa ragowar ƙwayoyin da masana'anta ta ƙi. Irin wannan ne ke mutuwa cikin wata shida, sai a ce ai dama SSD haka yake. Araha ba ta ado.

Saboda haka kada ka biya kuɗin SSD kafin a gwada shi a gabanka. Ina maimaitawa, a gabanka, ba a shiga da shi ciki a fito a ce maka lafiya lau ba. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo. A jona ma'adanar, a buɗe, ka duba da idonka: sunan da ta nuna ya yi daidai da na kwali? Awa nawa ya yi a kunne? Nawa aka riga aka rubuta masa? Kashi nawa na lafiyarsa ya rage? Wanda aka ce maka sabo ne fil, ka ga ya yi awa 9,000, ka san an yi shekara guda ana aiki da shi ba kashewa. Girmansa kuwa H2testw ce ke tona asiri, domin ita cika shi take yi da bayanai har baki, sannan ta karanto ta gani ko suna nan. Tana ɗaukar lokaci, don haka ka yi sharaɗi da mai kaya, a rubuta a rasit, cewa in ya faɗi gwajin za ka dawo da shi. Duk mai shagon da ya ɓata rai don ka nemi gwaji, ka yi masa sallama ka yi gaba. Shaguna ba su ƙare ba a Sabon Gari.

Kada kuma a ɗauka HDD ya tsira daga wannan. A farkon 2025 aka bankaɗo a Jamus da wasu ƙasashe cewa wasu dillalai suna sayar da manyan HDD na Seagate da suka yi dubban awanni suna aiki, an goge musu lissafin awa, an sa su a matsayin sababbi. In an yi haka a Turai inda ake bin sawu, kai da kanka ka auna abin da ke isowa nan a cikin kwantena. Abu ɗaya dai kada ka zargi mai shago a kansa: giga 500 Windows za ta nuna maka 465, tera ɗaya kuma 931. Bambancin hanyar ƙidaya ne, ba cuta ba.

Me za a saya? Windows da manhajojin aiki su zauna a kan SSD, wannan babu gardama. Giga 256 shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda a sa, 512 ya fi kwanciyar hankali, kuma a bar masa sarari kada a cika shi maƙil. Tsofaffin HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430 da ire-irensu da suka cika kasuwa SSD mai inci 2.5 na SATA suke ɗauka, gudunsa ya tsaya a wajen megabayit 550 a daƙiƙa, kuma ya ishe su. Sababbin kuwa suna da ramin M.2, a nan ne ake tafka asara, don akwai M.2 na SATA akwai na NVMe, kamarsu ɗaya a ido, kuma ba kowane rami ne ke karɓar duka biyun ba. A duba lambar kwamfutar tukuna. Kuma in aikinka Word da Excel da intanet ne, ba za ka ji bambanci tsakanin 550 da 3,500 na NVMe ba. Ka kai rarar kuɗin kan RAM ta zama giga 8. Tsohon HDD ɗinka, in yana da lafiya, a sa shi a ramin DVD ko a kwali mai USB ya zama rumbu.

HDD yana da wurinsa, ban ce a zubar ba. Masu tace finafinai da masu ɗaukar bidiyon biki, da masu tura finafinai a waya, waɗanda kayansu ya kai tera huɗu ko takwas, faifai ne ya fi musu sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba: a yi aikin a kan SSD, a adana a HDD. Na'urar kyamarorin tsaro da 'yan kasuwa ke sawa a shaguna, wadda ke rubutu awa 24, a sa mata irin WD Purple ko Seagate SkyHawk da aka ƙera don haka. Haka nan ajiyar da za a jefa a durowa a manta, a HDD ya kamata a yi ta. Ƙa'idar masana'antu ta JEDEC ta ce SSD na gida da ya cinye adadin rubutunsa ya iya riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30, zafi kuma yana rage wannan wa'adin. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Sabo ya fi haka daɗewa sosai, amma ni ba zan ba shi amanar shekaru a cikin shagon kwano ba.

Ofisoshi da makarantu da cibiyoyin rubuta jarrabawa su ma da nasu laifin. Za a ware kuɗi a sayo sababbin kwamfutoci ashirin saboda "tsofaffin sun gaji", a jibge tsofaffin a sito, alhali SSD da ƙarin RAM kaɗai suke nema. Sayen sabo ya fi yi wa mai kwangila daɗi, shi ke nan. Hujja ɗaya da zan karɓa ita ce Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar injin Intel da ya gaza zubi na takwas. Amma a waɗannan ofisoshin ne dai za ka tarar kwamfutar tebur an jona ta kai tsaye da janareto, babu UPS. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya rikita kowace ma'adana, SSD mai araha ya fi saurin tafiya. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ya mutu shi ma yana cikin wannan sahun; ya canza batiri kafin ya zo maganar SSD.

Gaskiya ɗaya da ke cikin jita-jitar ita ce wannan: HDD yakan yi gargaɗi, ya yi ƙara, ya yi nauyi, SSD kuwa sau da yawa farat ɗaya yake ɗaukewa, kuma ciro bayanai daga cikinsa ya fi wuya ƙwarai. Ko fayil ɗin da ka goge bisa kuskure, tsarin TRIM yana share shi ba da jimawa ba, manhajojin dawo da fayil ba za su same shi ba. Wannan ba dalilin ƙin SSD ba ne, dalilin yin kwafi ne. Littafin bashin shago, kundin digiri, takardun fili, hotunan iyali: kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a HDD na waje da ba ya kwana a shago ɗaya da ita, ɗaya kuma a Google Drive, wanda giga 15 ɗinsa na farko kyauta ne. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 sun san dalilin da ya sa na ce kada su kwana wuri ɗaya. Ka yi kwafin yau, kafin ka kai kwamfutar wajen mai gyara, ba bayan ka karɓo ta ba.