Shugaban da ya yi kuka, raggo ne?

Wani mai sauraronmu daga cikin garin Daura yana tambaya: shin hali ne ke yin shugaba, ko motsin zuciya? Kuma wanda ya zubar da hawaye a bainar jama'a ya cancanci jagoranci?

To Malam, ba sai mun yi nisa ba, ga ɗan garinku, marigayi Muhammadu Buhari. A 1984 shi da Tunde Idiagbon suka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka koya wa mutane bin layi, har da bulala. Amma a watan Afrilun 2011, yana rufe yaƙin neman zaɓe a Abuja, hawaye suka ƙwace masa.

Hawayen nan ba su rage shi da komai ba. Abin dubawa shi ne me ya yi bayan an ce ya faɗi. A 2003 da 2007 kotu ya nufa, a 2011 kuma jam'iyyarsa ce ta je kotu, ya jira har 2015. Wannan shi ne kame kai, kuma shi Bahaushe ke nufi da hali zanen dutse. Waɗanda zuciya ta ɗeba su ne masu tarzomar bayan zaɓen 2011, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka.

Sai dai fa, Malam, tsauri ma yakan zarce. Gwamnatin da ta tsayar da mu a layi ita ce ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ƙarƙashin dokar soja ta 4.