KARATU DA FAHIMTA: DARASI DOMIN IYAYE DA MALAMAN KATEKIS

Nassin nazari: Ayyukan Manzanni 8:26-40

A nassinmu na wannan wata mun sadu da wani babban mutum, ma'ajin sarauniyar Habasha, yana komawa gida daga Urushalima cikin karusarsa, yana karanta littafin Annabi Ishaya. Mutumin ya iya karatu sarai, har Filibus ya jiyo muryarsa. Amma da Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, sai ya nuna ba zai iya ba sai da mai yi masa jagora. Filibus ya hau karusar, ya zauna kusa da shi, ya bayyana masa nassin, har ya kai shi ga baftisma.

Abin da ya sami wannan dattijo shi ne yake samun 'ya'yanmu da yawa a makarantun firamare. Furta kalma daban, gane ma'anarta daban. Mukan yi murna idan yaro ya buɗe littafi yana zuba karatu da ƙarfi, ba mu tsaya mun tambaye shi abin da karatun yake nufi ba. Wani ma hadda ce kurum yake maimaitawa. A 2022 Bankin Duniya tare da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. Daga cikin irin waɗannan yara ne Ikilisiya za ta nemi masu karatu a Mas, da malaman katekis, da firistocin gobe.

Ƙafafu biyu na karatu

A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan abu biyu. Na farko, iya mai da rubutu ya zama magana. Na biyu, gane maganar kanta kamar yadda mutum zai gane ta in an faɗa masa da baki. Idan ɗaya ya rasa, ɗayan ba zai kai yaro ko'ina ba, kamar mai tafiya da ƙafa guda.

Ƙafar farko aikin makaranta ce musamman. Yaro yakan fara lura cewa kalma tana da gaɓoɓi, kamar ma-ka-ran-ta. Sa'an nan ya koyi baƙaƙe da wasula biyar, a, e, i, o, u, ya riƙa haɗa su: ba, be, bi, bo, bu. Daga nan sai kalmomi, sai jimloli. A nan ne ya kamata malami ya kula da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin "bata" ba "ɓata" ba ne, "kafa" kuma ba "ƙafa" ba ce. Da yawan gwaji kullum, karatun yakan daina gargada. Wannan yana da muhimmanci, gama yaron da yake fama da kowane baƙi, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Ƙafa ta biyu kuwa tun a bayan uwa take soma girma. Rubutunmu na boko da kansa yana nuna bukatarta, domin ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya zama inda mutane suke zaune, tana iya zama abin da ake tuƙa tuwo da shi. "Kuka" yana iya zama na jariri, tana iya zama itaciyar da ake miya da ganyenta. Baƙaƙen ba za su gaya wa yaro wanne ake nufi ba. Sai wanda ya san harshen, yana kuma bin zaren maganar, shi zai furta daidai.

Wane harshe?

Yawancin yaran majami'unmu suna girma da harshe biyu ko uku: na gida, da Hausa a kasuwa da coci, sa'an nan Turanci a makaranta. Yaron da aka ɗora wa koyon baƙaƙe da baƙon harshe a lokaci guda, kaya biyu aka aza masa. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da yara da Yarabanci dukan shekaru shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi. Yaran ba su zama koma baya a Turanci ba, a wasu darussa ma sun fi takwarorinsu. Manufar gwamnati game da harshen koyarwa takan canja, amma a gida da ajin katekizim babu mai hana mu bayyana wa yaro abu da harshen da yake ji.

Me ya sa za a yi hanzari?

Daga aji ɗaya zuwa uku yaro yana koyon karatu ne. Daga aji huɗu kuwa da karatun zai koyi sauran darussa. Wani masani, Keith Stanovich, ya lura a 1986 cewa yaron da ya iya karatu da wuri yakan so shi, ya yawaita yi, ya ƙara sanin kalmomi, wanda ya makara kuwa yakan guje shi, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ta faɗi. Ya kira wannan hali da sunan Matiyu, saboda misalin talanti a Matiyu sura 25, inda aka ƙara wa mai shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin da ya rataya a wuyanmu

Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin sanarwarta kan ilimin Kirista ta 1965, ta koyar cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu. Kada uwa ta ce ita ba ta yi boko ba. Tatsuniya da dare, kacici-kacici, karin magana, labarin Yusufu da 'yan'uwansa, sunayen itatuwa da kayan gona, duk su ne suke cika rumbun kalmomin yaro. Idan ya karanta miki, ki ce ya rufe littafin ya faɗa miki labarin da bakinsa. Ki tambaye shi: Wa ya yi? Don me ya yi? Me kake tsammani zai biyo baya? Uba kuma ya bar yaro ya yi tambaya, kada ya mai da ita rashin kunya. Yaron da ya daɗe yana fama, a duba idonsa da kunnensa a asibiti kafin a kira shi daƙiƙi. Bulala ba ta buɗe ma'ana.

Malaman katekis, hadda tana da amfaninta, amma bayan kowace amsa ku nemi yaro ya faɗe ta da nasa kalmomin. Zumuntar mata da ta matasa suna iya keɓe rabin sa'a bayan Mas domin a zauna kusa da yara a yi karatu tare, kamar yadda Filibus ya yi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya hana ma'ajin nan gane karatunsa, me kuma Filibus ya yi?
2. Yaushe rabonmu da ba yaranmu labari a gida?
3. Su wane ne cikin majami'armu za su iya ba da lokaci su taimaki yara masu fama da karatu?

Mu yi addu'a: Ya Uba Madawwami, ka buɗe hankalin 'ya'yanmu su gane abin da suke karantawa, ka ba iyaye da malamai haƙuri da hikima, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.