Yadda Ake Shirya Mai Ciwon Suga Don Wankin Ƙoda Ta Ciki

A Azare da kewaye, daga Gamawa har Jama'are, idan aka ce wankin ƙoda inji ake nufi: zaman awa 4, sau biyu ko uku a mako. Amma akwai wanki ta tantanin ciki, wanda tsadar ruwansa ta hana shi yaɗuwa a Najeriya. Majiyyaci a ɗakinsa yake yi, ko babu wuta. Nasararsa kuwa tana hannun nas.

Da farko likita zai dasa siririyar roba a gefen cibiya, a bar wurin kamar mako 2 ya warke. Nas za ta kula kada ya jiƙe, kada kuma ciki ya ɗaure, don taurin bayan gida na hana ruwan wankin fita.

Kafin koyarwa, takan gwada idon majiyyaci da yatsunsa, domin suga na dusashe gani, yana sandarar da yatsu. Idan ba zai iya haɗa bakin robar ba tare da taɓa shi ba, sai a koya wa matarsa ko ɗansa.

Ga yadda ake canjin ruwa. A rufe taga, a kashe fanka, ballantana da hunturu, lokacin da ƙura ke turnuƙe gari. A sa takunkumi, a wanke hannu da sabulu, a tsane shi. Ledar wofi a ƙasa take zama, tsohon ruwa ya tsiyaye cikinta kamar minti 20. Sabuwar leda mai lita 2 a rataye ta sama da kafaɗa, ruwan ya gangara ciki ya zauna awa 4 zuwa 6. Haka ake yi sau 4 kullum.

Daga nan a ɗora ledar da tsohon ruwa ya cika kan takarda mai rubutu. Idan rubutu ba ya karantuwa, ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa, to alama ce ƙwayar cuta ta shiga. Ranar za a tafi asibiti, da ledar a hannu.

Ruwan kansa da sukari aka haɗa shi, jiki kuma na tsotsa. Shi ya sa ake yawaita gwajin suga, likita ya daidaita allurar insulin. Kowace safiya majiyyaci zai auna nauyinsa da hawan jininsa ya rubuta a littafi, ya duba tafin ƙafarsa, ya kuma ƙara cin ƙwai da kifi, don wankin na kwashe abinci mai gina jiki. Littafin nan nas za ta fara buɗewa duk ranar da ya dawo ganin likita.