In Makirufo Maras Waya Yana Yankewa

Ranar Juma'a liman yana tsakiyar huɗuba, sai murya ta ɗauke. Mutanen sahun baya da na waje sun daina ji. Haka ake fama a wurin tafsirin watan azumi, haka kuma a coci ranar Lahadi, ko a Tambuwal ko a Kebbe. Sau da yawa kuwa na'urar lafiyarta ƙalau.

Makirufo maras waya ƙaramin gidan rediyo ne. Yana aika murya ta iska zuwa wani akwati mai eriya, wato risiba. Daga risiba sai amfilifaya, daga nan sai lasifika.

Fara duba batir. Sabon batir mai lamba AA ƙarfinsa bolt 1.5 ne, mai caji kuwa 1.2. In ya yi rauni, makirufo zai yi aiki a kusa, amma da mai magana ya ɗan yi nisa sai ya yanke. Mai arha irin na tocila ba ya jimawa. Nemi wanda aka rubuta Alkaline a jikinsa, ka sa sabo kafin babban taro.

Ga abin da ya fi ruɗa mutane. Ladan ya gwada da hantsi, masallaci ba kowa, murya tar-tar. Da jama'a ta cika sai yankewa. Dalili shi ne fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye saƙon rediyo. In risiba tana ƙasa, jama'a sun tare mata hanya ke nan. A ɗora ta a wuri mai tsayi, sama da kan mutum yana tsaye, inda mai magana zai iya hango ta. Kada a kulle ta cikin kabad na ƙarfe, ko da don tsoron ɓarayi ne. A nisanta ta da inbata. A miƙe eriyoyinta sama.

Riƙo ma yana da ƙa'ida. Yawanci eriyar makirufo a gindinsa take, don haka a riƙe shi a tsakiya.

In murya tana haɗuwa da ta wani wuri, wataƙila tasharku ɗaya da masallacin maƙwabta. Canza lambar tasha a risiba, ka sa irinta a makirufo. Makirufo biyu ba sa aiki a lamba ɗaya.

A ajiye mai waya guda ɗaya a jone kusa da mumbari, domin in maras waya ya ƙi, a miƙa wa liman nan take.