Naƙasa Ba Kasawa Ba Ce: Amfanin Naƙasassu A Wuraren Aiki

Ya kai mai karatu, in ka taɓa ratsa Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a birnin Bauchi, lalle ka ga gurgu yana gyaran takalma, ko kurma a kan keken ɗinki. Tun zamanin kakanni ma an san makafin ƙasar Hausa da tufkar igiya, kuma suna da nasu shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Makafi. Abin tambaya shi ne, me ya sa mutumin da kasuwa ta yarda da aikinsa ofis zai ƙi shi?

Abin da doka ta tanada

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 1981 domin naƙasassu, sa'an nan ta zartar da yarjejeniyar kare haƙƙinsu a 2006. A nan gida kuwa, a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta umarci ma'aikatun gwamnati da su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Mutumin da ya nuna musu bambanci za a ci shi tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Kamfani kuwa Naira 1,000,000. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa domin lura da bin wannan doka.

Abin da suke kawowa

Na farko, dabara. Wanda kullum sai ya yi tunanin yadda zai ƙetare kwata ko ya hau mota ya saba da warware matsala tun kafin ya iso bakin ofis.

Na biyu, ƙwarewa. Makahon da ya koyi rubutun Braille mai ɗigo 6 a makaranta irin Cibiyar Ilmi na Musamman da ke Yelwa, yau yana iya sarrafa kwamfuta mai karanta masa rubutu da murya, ya koyar, ya yi fassara, ko ya gabatar da shiri a gidan rediyo.

Na uku, sanin bukatun jama'a. Ma'aikaciyar jinya mai iya maganar hannu za ta gane ciwon kurma nan take, inda wasu za su yi ta lalube. Injiniya mai tafiya a keken guragu kuma ba zai manta da gangara a bakin ƙofa ba, wadda tsofaffi da masu juna biyu su ma za su amfana da ita.

Mai shakka ya tuna da wasannin birnin Riyo na ƙasar Barazil a 2016: naƙasassun Nijeriya sun dawo da lambobin zinariya 8, alhali kuwa tawagar masu cikakkiyar lafiya tagulla 1 kaɗai ta samo.

Abin da ya rage mana

Shugaban ma'aikata ya jarraba mai neman aiki a kan aikin, kada ya yanke hukunci da ganin sanda ko keke. In ya ɗauke shi, ya tambaye shi abin da zai sauƙaƙa masa. Sau da yawa bai wuce mayar da teburinsa hawa na ƙasa ba. Abokan aiki su riƙa kiransa da sunansa, ba da lalurarsa ba. Iyaye kuma su kai yaro makaranta ko wurin koyon sana'a maimakon su miƙa masa ƙoƙon bara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasar da ta bar wasu 'ya'yanta masu basira a bakin titi, ita ce ta yi hasara.