Yadda ake facin keke a hanyar Ƙonni

Kafin a taɓa sifana, da yawu ake farawa. Mai faci zai ɗan ba tayar iska, ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul. In ya yi kumfa, shambur lafiyarsa lau, 'yar robar bawul ce ta mutu, sai a sake ta, magana ta ƙare.

In bawul ya yi shiru, a kife keken, a ɓanɓare gefe ɗaya na tayar, a zaro shambur. A hura shi ya ɗan kumbura, a riƙa nutsa shi cikin kwanon ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta jero. A soka tsinke a wurin don kada ya ɓace.

Yaro yana ganin huda sai ya rarumo sholisho. Tsohon hannu kuwa sai ya tambayi hudar wa ya yi ta. In ƙananan tsaga biyu ne gefe da gefe, babu ruwan ƙaya: mutum ne ya ɗoro buhun albasa daga Galmi, iska ba ta ishi tayar ba, ya faɗa rami, ƙarfen wili ya ciji robar. In hudar tana ta ciki, kan sifok ne ya leƙo, dole a naɗe shi da tsohuwar roba. In daga gefen tsohon faci take tsiyaya, zafin kwaltar bazara tsakanin Tsernawa da Malbaza ne ya ɗaga shi. In kuwa ta waje ce, to mai laifin yana nan cikin tayar. Ƙayar aduwa ba ta ɓuya, amma tsidau na hanyoyin gonakin Illela da Badagishiri yakan karye a cikin robar, ba ya leƙowa sai nauyi ya hau. Shi ya sa ake auna nisan hudar daga bawul, a nemi daidai wurin a jikin tayar, a lanƙwasa ta, a bi da tsumma har ya sarƙe. Wanda ya tsallake wannan, kafin la'asar zai ji sallama: "Malam, ta sake sacewa."

Sauran aikin ba wuya. A kankare wurin, a yanko faci daga mataccen shambur a kankare shi ma, a shafa sholisho siriri, a bar shi ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a manna a danne. Mayar da taya da hannu ake yi, ƙarfe yakan sake tsaga abin da aka gyara.

Yanzu babura sun cinye rumfunan faci, keke sai a tura wa yaron shago. Dattawan da suka koyi sana'ar a kan keke dai ba sa sakin ƙafar keken sai sun juya ta sun kasa kunne. Ladan aiki a Ƙonni, sefa ko naira, duk wadda ta fito daga aljihu karɓa suke.