Tsabtar Tukwanen Burukutu

A ƙauyukan Filato, da kudancin Kaduna, da na Maguzawa, akwai gidaje da yawa da ake dafa burukutu ko fito. Wannan takarda ba kiran kowa take yi zuwa ga shan giya ba. Amma tun da ana dafawa, ana kuwa sha, ya kamata a san hanyar da cuta ke bi ta shiga cikinta.

Uwargida, ki fara da dawar. In kin jiƙa ta kin shanya don ta yi tsiro, duba ta kowace safiya. Wadda ta yi fumfuna, kore ko baƙi, tsince ta ki zubar. Fumfunar hatsi tana fid da wani dafi mai cin hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi, ko da an wuni ana tafasawa.

Ƙwayoyin cuta dabam suke. Su wuta tana kashe su. Saboda haka abin da ke tafasa bisa murhu ba shi da laifi. Ɓarnar tana zuwa ne bayan an sauke. A lokacin nan ruwan ya huce, ga zaƙi, ga ɗumi, abin da ƙwayar cuta ke so ke nan. Sai a tace da matacin da ya kwana da dusa, a juye a randar da ba a wanke ba, a surka da ruwan rafi, ƙudan da ya taso daga bayan gida ya sauka a baki. Ta haka atuni da taifot ke samun hanya, da amai da gudawa, wanda ya shigo Nijeriya a ƙarshen 1970.

Waɗansu suna cewa ai ƙarfin giya yana kashe kome. Burukutu ba ta da ƙarfin da za a dogara gare shi.

To, ga wankin. Da an juye tukunya a wanke ta nan take, kafin tsakin ya bushe ya kama. A goge da soso da sabulu, ko da toka, har wuyanta daga ciki inda hannu ke ƙyuyar kaiwa. A ɗauraye da tafasasshen ruwa, a kife bisa dakali ko gadon kara a rana. Mataci da muciya da ludayi a tsoma su cikin ruwa mai tafasa, su yi ko da minti 1. Randa ko ƙwaryar da ta tsage a sake ta, gama datti na ɓuya a tsagar, shi ne ma ke sa giya ta yi tsami tun ba ta kai kasuwa ba. Gamin da kike ajiyewa daga dahuwar baya ki sa shi a ƙwarya mai tsabta, a rufe.

Gangar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko fenti, ko maganin feshin gona, kada ta kusanci giya ko ruwan sha, kome wankin da aka yi mata.

Sauran ƙoƙon sha. Mutum 20 su sha, ana tsoma ƙoƙunan a kwano ɗaya na ruwa tun safe har la'asar, wannan ba wanki ba ne. A zuba ruwa daga buta, a sa sabulu. Mai zawo kuwa, ko mai gyambo a hannu, ta bar wa wata aikin sai ta warke.

Masu kunun zaƙi da fura, tukwanenku da ludayanku ma haka za ku yi musu.